Inda muka kwana kan aikin wayar da kai a hostel ɗinmu

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Yau bayan la'asar muka yi zaman farko a gindin darbejiyar da ke bayan bulok ɗinmu, mu tara. Na ce bari in dinga rubuta abin da ake ciki saboda kar mu manta, kuma waɗanda za su zo bayanmu su samu abin dubawa.

Daren Talatar da ta wuce ne ya jawo duk wannan. An cinna wa bolar bayan hostel wuta, kusan duk ledar fiya wata ce da robobin tekawe, ga hazo ga sanyi iska ba ta motsi, sai hayaƙin ya kwanta ƙasa ya dinga shigowa ta taga. 'Yar ɗakinmu mai asma sai da muka riƙe ta zuwa asibitin makaranta ƙarfe ɗayan dare tana jan numfashi da ƙyar. Ta samu sauƙi alhamdulillah, amma ni daren nan ban runtsa ba, don ledar da ta kusa kashe ta har da tawa a ciki.

Wata malamarmu ce da na ba ta labari ta ce a Amurka akwai tsarin da ake kira Eco-Reps, jami'ar Tufts na cikin waɗanda suka fara shi a farkon shekarun 2000, ɗalibai ne ke bin 'yan uwansu a ɗakunan kwana suna musu maganar ruwa da wuta da shara, ba hukuma ba. Su can har ɗan alawus wasu makarantun ke bayarwa, mu nan ba ko sisi, amma tsarin ya kwanta mana. Mun tsayar da abu uku kawai, ruwa, wuta, leda. Kowa ta ɗauki barandar da take kwana, ba mai zuwa barandar da ba a san ta ba. Kuma ba mu da suna ba mu da riga, ba ma son a ce ga 'yan ƙungiya nan sun zo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zagayen farko bai yi kyau ba gaskiya. Laifinmu ne, mun shiga ɗakuna da maganar sauyin yanayi da ɗumamar duniya da narkewar ƙanƙara, mutum tana dafa taliya tana da gwaji gobe da safe kina mata zancen ƙanƙara. Wasu sun saurara don kunya, wasu ko ɗago kai ba su yi daga waya ba. Wata Anti 'yar ajin ƙarshe ta ce min "ƙanwata na biya kuɗin hostel ɗina cas, ruwa da wuta na gwamnati ne, ki je ki yi karatunki." Na fito jikina a sanyaye.

Maganar nan ta kayan gwamnati ita ce muka fi ji, a baranda huɗu daban aka faɗa mana ita. Kuma abin da ke damuna shi ne wacce ke faɗar haka a gidansu ba za ta taɓa barin famfo a buɗe ba, don ta san nawa ake sayen jarka a wajen mai ruwa, ta san faɗan da za ta sha wajen Umma. Tarbiyyar tana nan, a ƙofar hostel ake ajiye ta.

Da zan fita na tsaya gaida Iya mai shara na ba ta labari. Ta ce "'yata ai ba a haka, ki tambaye su abin da ke musu ciwo tukuna." Ita ta fi mu sanin hostel ɗin nan, tun kafin mu gama firamare take share shi. Ta nuna min kwatar da ke toshewa duk damina da inda ruwa ke kwanciya. Mun yanke daga yau ba lakca, tambaya za mu dinga yi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Tambayar ta yi amfani. Abin da ke wa mutane ciwo a sanyin nan shi ne wuta, kullum da asuba sai fiyus ɗin bulok ya ƙone ko soket ya narke, a wuni ba caji ba fanka ba karatun dare. Dalili kowa ta sani, kowane ɗaki hita biyu uku ake jonawa a lokaci ɗaya a kan wayoyin da aka sa don kwan fitila da fanka.

Ɗaya daga cikinmu 'yar Biu injiniyan lantarki take karantawa, ita ta zauna ta yi mana lissafi a bayan takardar lakca. Hitar bokiti irin wacce muke saye tana cin wat 1000 zuwa 1500. Kwan fitila na zamani wat 10 ne ko ƙasa da haka, kin ga hita ɗaya daidai take da kwai ɗari zuwa ɗari da hamsin a kunne. Bokitin lita 20 kuma in so kike ya yi ɗumin wanka kusan rabin yunit ya ishe shi, wato minti ashirin da babbar hita. Amma mu sai mu jona mu koma barci awa guda, ruwan ya tafasa, mu zo mu sirka da na sanyi mu zubar da rabi. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wutar Band A, wato rukunin waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan yunit, daga baya aka ɗan rage amma har yanzu yana sama da 200, jami'o'i da yawa a ƙasar nan ke kukan bil ɗin wuta, kuma ƙarshenta kanmu yake dawowa, ko a rage awannin wuta ko a ƙara kuɗin makaranta.

Ba mu ce wa kowa ta daina hita ba, ba za su daina ba, ni ma ban daina ba. Abin da muka roƙa shi ne ɗaki ɗaya hita ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ƙararrawar waya minti ashirin, kuma don Allah a cire daga soket kafin a tsoma hannu a ruwan, wannan kam maganar rai ce. Baranda biyu sun yarda su gwada sati guda.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Barandun nan biyu sati biyu kenan soket bai narke musu ba, yanzu su da kansu suke wa na sama magana.

Sai ruwa. Akwai famfon wanki na ƙarshe da ke tsiyaya tun ina aji ɗaya, kowa ta saba da shi har ba a ganinsa. Ran Alhamis da yamma lokacin da layi ya fi tsawo na ɗauki robar ruwa mai cin santilita 75 na tara a ƙasansa na kunna agogon waya, mutane na kallona. Minti goma ta cika. Muka yi lissafin tare da su a wajen da ƙarfi, lita huɗu da rabi a awa, lita 108 a kwana ɗaya in akwai ruwa a tanki, wato jarka huɗu da ɗoriya daga famfo ɗaya tal, alhali muna tsaye da bokitai ana faɗa kan wa ta riga wa. Wallahi shiru wajen ya yi. Gani ya kori ji, wannan minti goman ya fi duk surutun da muka yi a ranar farko.

Mun rubuta takarda zuwa ofishin da abin ya shafa tun ranar 10 ga wata, an karɓa an buga hatimi, har yau shiru. Sai muka yi karo-karo, naira ɗari ɗari, wacce ba ta da shi ba dole. Maman hostel ta ba mu izini ta kira mana mai gyaran famfo da ta sani. Ashe famfo uku cikin biyar da ya gyara ɗan roban ciki ne kawai ya cinye, biyu ne sai da aka sauya kai. Na so a ce ba aljihun ɗalibai ya yi wannan ba, hakkin makaranta ne, kuma za mu ci gaba da bin takardar. Amma ba za mu zauna ruwa na zuba muna jiran hatimi na biyu ba.

Antin nan da ta ce in je in yi karatuna ta ba da ɗari biyar. Ba ta ce komai ba ni ma ban ce ba.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi na 12. Ban samu rubutu ba saboda gajiya. Leda ta ninka a watan nan, da magariba kowa na shigowa da ƙanƙara a leda, kunu a leda, ƙosai a leda, zoɓo a leda, ga fiya wata. Mun ƙiyasta a ɗakinmu mu takwas, in kowa ta sha guda biyar daga buɗa baki zuwa sahur leda 40 kenan, jaka biyu cur, a wata 1200 daga ɗaki ɗaya. Ki ninka da yawan ɗakunan bulok ki ga abin da Iya ke kwasa da tsintsiya tana azumi.

A nan na fahimci wani abu. Robar ruwa ba ita ce matsalarmu ba, ba ta kwana a ƙasa, masu kunun aya da zoɓo da man gyaɗa suna nemanta. Ledar fiya wata ce ba mai so saboda ba ta da nauyi, sai ka tara himili kafin ta yi kilo. Kuma ba za ki ce wa mutum kar ta sha ba tunda ba ta yarda da ruwan tanki ba, ni ma ban yarda da shi ba. Toh sai muka rataye buhu a ƙarshen kowace baranda, na ledar ruwa kawai, a matse ruwan a jefa. Ba ƙasusuwa, ba ragowar abinci, ba audugar mata. Sai da muka maimaita wannan na ƙarshen sosai.

Amirar masallacin hostel ta ba mu minti biyar bayan tarawihi. Wacce ta yi magana cikinmu ba ta kawo komai daga waje ba, ta ce Annabi sallallahu alaihi wasallam da mudu ɗaya yake alwala, ruwan da bai kai lita ɗaya ba, ya zo a Bukhari da Muslim, mu kuma mu saki famfo tun daga wanke hannu har ƙafa. Washegari butoci suka dawo wajen alwala. 'Yan uwanmu Kirista biyu da ke cikinmu su ma sun kai maganar wajen addu'arsu ta ranar Lahadi, sun ce an karɓa da kyau. Duk wanda zai yi irin aikin nan a Arewa ya tsallake waɗannan wurare biyu, gaskiya bai shirya ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun dawo daga hutu mun tarar da abin takaici. Buhunan leda goma sha ɗaya da muka jera a lungun bayan banɗaki an kwashe an zuba a bola an ƙone. Wai an zo sharar hutu ba wanda ya san na mene ne. Iya ba ta nan ranar. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, wata guda na matse leda ya tashi a hayaƙi, irin hayaƙin da ya sa muka fara. Amma sakacinmu ne, ba mu rubuta komai a jiki ba, ba mu sanar da kowa a rubuce ba, kuma mun tara ba tare da mun san wa zai ɗauka ba.

Biyu daga cikinmu sun janye, ɗaya furojet ya sha kanta, ɗaya ta ce ta gaji. Ban ga laifinsu ba. Saura mu bakwai.

Sai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi. An kira mu ofis an yaba mana, sannan aka ce tunda muna shiga ɗakuna mu kawo sunayen masu rishon lantarki da hita. Mun ce a yi haƙuri ba za mu iya ba. Ranar da aka ji mun kai sunan mutum ɗaya, ranar za a rufe mana kowace ƙofa a hostel ɗin nan, kuma da gaskiyarsu. Ana buɗe mana ne don mu 'yan ɗaki ne, tare muke bin layin ruwa tare muke cin garau-garau. An ɗan ɓata rai amma Maman hostel ta tsaya mana, Allah ya saka mata.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun samu mai ɗauka. Wani Baba ɗan jari bola ne da ke zuwa bakin get da kura, ya ce akwai masu narka leda a cikin gari da ke saye in busasshiya ce ba ƙasa a jiki. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo, ranar tsaftar muhalli, bayan an buɗe hanya. Kuɗin ba wani abu ba ne, mun ce rabi nasa rabi a sayo wa su Iya safar hannu da takunkumi. Ya koya mana abin da ba mu sani ba, a tsaga ledar a shanya kafin a cusa a buhu, in ba haka ba tana wari kuma masu saye na rage kuɗi.

Abin da ya fi faranta min rai a watan nan shi ne reno. Wata cikinmu 'yar Maraɗi ce, ita ta kawo shawarar mu yanke kan ledar fiya wata mu huda ƙasanta mu cika da ƙasa da taki mu shuka zogale. Mun yi 120 a bayan wajen wanki inda ruwan ɗauraya ke gangarawa, ruwan ɗauraya na ƙarshe fa, ba mai kumfa ba. Muna cikawa tana ba mu labarin gonar babanta, yadda a wajensu ake sassaben zamani, manomi ba ya tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, sai ya zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ya bari ya sassabe sauran har su zama bishiya. A yankin Maraɗi abin ya fara ƙarfi a shekarun 1980 tare da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, kuma yau ana maganar hekta miliyan biyar da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Ta ce abin da ya yaɗa shi ba takarda ba ce, manomi ne ke leƙa gonar maƙwabcinsa ya ga gawo ya ga gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa sai ya tambaya. Da ta faɗi haka sai na tuna barandun nan biyu da soket ɗinsu.

Asabar, 31 ga Mayu

Kowa na maganar Mokwa ta jihar Neja. Ambaliyar ranar Alhamis ta ci sama da mutum 150 zuwa yanzu, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Bara a Satumba Maiduguri ce da madatsar Alau ta fashe, akwai 'yan hostel ɗin nan da gidajensu suka nutse. Waɗancan manyan abubuwa ne da suka fi ƙarfin tsintsiyar ɗalibi, ba na haɗa su da kwatarmu. Amma yau da muka ce a fito yashe kwata ba mu sha wahalar kira ba, mun fi mutum arba'in, har da waɗanda ban taɓa gani sun ɗaga tsinke ba.

Kwatar da Iya ta nuna min a Fabrairu muka fara da ita. Abin da muka ciro ba ya faɗuwa, leda ce ta dunƙule da yashi ta zama kamar katifa. A nan ruwa ke kwanciya duk damina, sauro kuma kwana goma zuwa sati biyu ya ishe shi daga ƙwai ya tashi, shi ya sa ɗakunan ƙasa na wannan ɓangaren ba sa rabuwa da zazzaɓi lokacin jarabawa. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, kuma wani ɓangaren nasa a bayan tagoginmu ake ƙyanƙyashe shi. Baba ya zo ya ɗauki buhu shida. 'Yan hostel ɗin maza sun aiko suna tambayar yadda muka yi, mun tura musu lissafin hita da dabarar robar famfo, mun ce su nemo nasu mutanen, mu ba za mu iya musu ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ruwa ya zauna, yau muka dasa. Cikin 120 ɗin 83 ne suka rayu, wasu ba su tsiro ba, wasu awakin da ke shigowa ta ɓarakar katanga suka cinye lokacin hutun babbar sallah. Ledar fiya wata ta yi wa zogale kaɗan in ya wuce sati shida, saiwar wasu ta nannaɗe a ciki, badi sai mu dasa da wuri. Mun sa 50 a layin katanga, sauran mun ba su Iya da masu gadi su kai gida. Kowace bishiya an ɗaura mata lambar ɗaki, ɗakin ne zai kula da ita. Na ji wata tana ce wa ƙawarta kar ki taka min zogalena, a hostel ɗin da aka ce min komai na gwamnati ne.

Ran Talata Legas ta fara aiwatar da dokar hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya, bayan ta hana farar robar tekawe tun Janairun 2024. An yi ta muhawara a gurup ɗinmu. Abin da na lura shi ne ko su ba su taɓa ledar fiya wata ba, don ba za ka hana mutum ita ba sai ka ba shi ruwan da zai sha hankali kwance. Shi ya sa takardarmu ta gaba ba ta shara ba ce, roƙo ne a wanke tankuna a gwada ruwan a manna sakamakon kowa ya gani, in ya so a sa matata ko guda ɗaya a kowane bulok. In aka samu wannan, rabin buhunan nan ba za su cika ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Jarabawa saura sati biyu, zagaye ya tsaya sai buhuna kawai. Abin da ke cin raina yanzu shi ne cikin mu bakwai huɗu suna gamawa bana, har da mai lissafin wuta da 'yar Maraɗi. Mun makara wajen jawo 'yan aji ɗaya, da tun Fabrairu muka sa su a gaba. Yau mun zauna da guda shida, biyu daga cikinsu su suka fi kowa aiki ranar kwata. Mun ba su lambar Baba da ta mai gyaran famfo da kwafin takardun da muka kai ofis, kuma kowacce za ta bi ɗayanmu zagaye ɗaya bayan jarabawa ta ga yadda ake sallama a shiga ɗaki a zauna a bakin katifa kafin a kawo magana.

Abubuwan da suka rage a kaina: ba mu da kwandon kare bishiyoyin daga awaki, mun ce ko ƙaya za mu samo. Ba mu san wa zai ba su ruwa ba in damina ta ɗauke a Oktoba in ya zo daidai da hutu, Iya ta ce za ta duba na kusa da wajen wanki amma ba adalci ba ne a bar mata hamsin. Wannan karon mun rubuta a jikin kowane buhu da babban baƙi kar a ƙone, kuma mun sanar da Maman hostel a rubuce. Famfon ƙarshen nan ya fara ɗiga kuma tun shekaranjiya. Litinin ƙarfe goma ni da ɗaya daga cikin sababbin za mu koma ofis da takardar tanki, ita za ta yi magana ni zan tsaya a bayanta.